Yadda Ake Mayar da Tsohon Labari Gajeren Katun Mai Ban Tsoro

A shekarar 1953 wani kamfanin katun na Amurka mai suna UPA ya fitar da fim ɗin da bai cika minti takwas ba, amma hukumar tace fina-finai ta Birtaniya ta ba shi shaidar X, wato ba a yarda yara su kalle shi ba. Shi ne katun na farko da aka yi wa haka a can. An ɗauko shi daga gajeren labarin Edgar Allan Poe na 1843, "The Tell-Tale Heart", a Hausance zuciya mai tonon asiri. Ted Parmelee ne darakta, Paul Julian ya tsara zanen, James Mason ya ba da murya. Fim ɗin ya shiga takarar Oscar, kuma a 2001 aka sa shi cikin kundin fina-finan da Amurka ke adanawa.

In ka kalle shi da idon mai son koyon sana'a, abin da zai fara ba ka mamaki shi ne kusan babu abin da ke motsi a ciki. Zane-zane ne a tsaye, kyamara tana ratsa su a hankali, haske yana zuwa yana tafiya, murya tana zuba. A nan mai kwamfuta ɗaya da ɗaki ɗaya yake da rabo. Katun na barkwanci yana cin dubban zane, shi kuwa na tsoro abin da yake ci shi ne sauti da duhu da jinkiri, kuma duka ukun ba su da tsada. Da wannan labari na Poe zan yi misali har ƙarshe, amma matakan za su yi maka aiki da kowane labari ka ɗauko.

Mataki na farko: zaɓen labari, da tambayar na wane ne

Nemi labarin da mutanensa ba su wuce uku ba, wurin da yake faruwa bai wuce ɗaki ɗaya ko biyu ba, kuma akwai wani abu guda da yake ta dawowa yana ƙaruwa. Na Poe ya cika sharuɗɗan nan. Wani mutum ne da ba a faɗi sunansa ba yake zaune da wani tsoho. Ba ya ƙin tsohon, ba ya kwaɗayin dukiyarsa, idonsa ɗaya ne kawai, mai yana-yana kamar na ungulu, ya hana shi sakat. Dare bakwai yana leƙa ɗakin tsohon da fitila, a na takwas ya kashe shi, ya ɓoye gawar ƙarƙashin katakon daɓen ɗaki. 'Yan sanda uku suka zo saboda maƙwabci ya ji ihu. Ya tarbe su da fara'a, har ya ajiye kujerarsa daidai kan wurin. Sai ya fara jin bugun zuciya daga ƙasa, yana ƙaruwa, har ya tona wa kansa asiri.

Kafin ka ja layi ɗaya, bincika haƙƙin mallaka. Poe ya mutu a 1849, saboda haka labarinsa ya zama na kowa. Amma fassarar da wani ya yi masa kwanan nan ta mai fassarar ce, kuma zanen fim ɗin 1953 da muryarsa ba naka ba ne. Ka koma ga asalin labarin ka yi taka Hausar. A dokar Nijeriya ta 2022, rubutu yana da kariya tsawon ran marubuci da shekara 70 bayan rasuwarsa. Na san da yawa hankalinsu zai tafi ga Magana Jari Ce. To Abubakar Imam ya rasu a 1981, lissafin bai cika ba sai bayan 2051, don haka sai da izinin masu haƙƙi.

Tatsuniya ita ce ta fi kusa da hannu. Ta yarinyar nan da ta rantse ba za ta auri mai tabo ba, har ta bi kyakkyawan baƙo zuwa daji ta tarar ba mutum ba ne, fim ɗin tsoro ce a shirye. Sai dai ka sani dokar ta sa al'adun gargajiya irin wannan ƙarƙashin kulawar hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa idan kasuwanci za a yi da su. In da niyyar sayarwa kake yi, ka tuntuɓe su tun da wuri.

Mataki na biyu: yanke labarin

Karanta labarin sau uku. A karo na uku ka riƙe biro, ka ja layi ƙarƙashin abin da ido zai iya gani da abin da kunne zai iya ji, ka bar sauran. A na Poe za ka tashi da ido, ƙofa, siririn hasken fitila, gado, daɓe, kujera, agogo, bugun zuciya. Waɗannan su ne fim ɗinka.

Sannan ka yanke shawarar inda labarin zai zauna. Kana iya barinsa a gidan katako na Amurka ta wancan zamani, kana iya dawo da shi gidan ƙasa mai zaure da soro. Duk wanda ka zaɓa ka tsaya a kansa, kada a ga tsoho da hular Turawa yana kwance a gadon kara. In ka dawo da shi gida, kowane abu sai ka nemo masa ɗan'uwansa. Ɗakin ƙasa ba shi da katakon da za a ɗaga, haƙa za a yi a sake daɓe, a shimfiɗa tabarma. Kuma wannan ya ba ka abin da Poe bai samu ba: sabon daɓe launinsa ya fi na tsohon daɓen duhu saboda danshi, don haka gefen tabarma na ɗagawa kaɗan mai kallo zai ga shaida. Fitila mai murfi ta koma fitilar ƙwai da aka rufe da gefen bargo. 'Yan sanda su koma dogarai ko mai unguwa da mutanensa, gwargwadon zamanin da ka ɗauka.

Rubuta maganar mai ba da labari gajeriya. Minti biyar ya isa fim na farko, kuma kusan rabin lokacin ya kamata ya tafi babu magana. Ƙa'idar da nake bi ita ce duk abin da hoto ya nuna, baki ba zai maimaita ba. In ana ganin hannu yana tura ƙofa, kada murya ta ce "sai na tura ƙofa". Ta ce wani abu da zai sa a tsargu da mai maganar, misali ya yabi haƙurinsa, ko ya tambayi mai sauraro ko mahaukaci zai iya irin wannan natsuwa. Mutumin da yake rantsuwa lafiyarsa ƙalau alhali ba wanda ya tambaye shi, shi ne abin tsoron, ya fi gawar.

Mataki na uku: murya kafin zane

Nan ne na yi kuskurena na farko. Na shafe makonni ina zane, sannan na kira mai murya, sai ga shi jimlar da na ware wa daƙiƙa huɗu tana cin tara a bakinsa, kuma yadda ya faɗe ta ya fi yadda na tsara kyau nesa ba kusa ba. Dole na watsar da zane da yawa. Ɗauki murya tukuna, zane ya bi ta.

Mai muryar ba lallai ya zama ɗan wasa ba. Nemi wanda in yana ba da labari a majalisa ake yin tsit. Ka gaya masa kada ya yi muryar dodo, kada ya yi kakkausar murya irin ta wasan yara. Ya yi magana kamar mai gaya wa amininsa sirri da tsakar dare, a hankali, har da ɗan murmushi. Ihu sau ɗaya ne, a ƙarshe.

Wayar hannu mai kyau ta isa in babu makirfo. Abin da ke ɓata ɗauka shi ne ɗakin. Ɗakin siminti wanda babu kaya yana mayar da amo, don haka ku shiga wanda yake da katifa da labule da tulin tufafi, ko ku rataya barguna ku kewaye mai maganar. A kashe fanka, a jira maƙwabta su kashe janareta, a kauce wa lokacin kiran salla da na carar zakara. Tsakanin baki da makirfo a bar kamar taƙi ɗaya, a ɗan karkata shi gefe don iskar "f" da "b" kada ta buge shi. Kowace jimla a yi ta sau uku. Kafin a tashi, a ɗauki shirun ɗakin na daƙiƙa talatin, kowa ya kame bakinsa. Da shi za ka cike giɓi tsakanin jimloli, da shi kuma manhajar Audacity, wadda kyauta ce, za ta gane hayaniyar da za ta rage. Ajiye sautin a tsarin WAV, 48 kHz, domin shi ne ma'aunin bidiyo.

Yanzu jera jimlolin a Audacity da shirun da kake so tsakaninsu, ka rufe ido ka saurara daga farko har ƙarshe. In tsigar jikinka ba ta motsa ba a wannan mataki, zane ba zai gyara ba. Koma ka sake.

Mataki na huɗu: ƙananan zane da ɗanyen fim

Samo takardu ka yanka su kamar girman katin waya, ko ka ja akwatuna shida a kowane shafi. Kowane akwati ɗauka ɗaya ce, wato abin da kyamara ke nunawa kafin a yanke zuwa wani hoton. Zanen 'yan sanduna ya isa, muddin ka san me ke cikin hoton, daga ina ake kallonsa, kuma ina haske yake. Fim na minti biyar daƙiƙa 300 ne. In kowace ɗauka ta ci kamar daƙiƙa shida, kana neman akwati 50.

Kada tsawonsu ya zama ɗaya. Daren farko da mutumin ya tura ƙofa, bar ɗaukar ta yi daƙiƙa goma sha biyar, har mai kallo ya ƙosa. Dare na biyu zuwa na bakwai ka wuce su da sauri, ƙofa ɗaya, haske ɗaya, wata a taga yana raguwa. A ƙarshe, lokacin da zuciya ke bugawa, ɗauka ta koma daƙiƙa ɗaya, rabin daƙiƙa: tabarma, bakin dogari yana dariya, tabarma, gumi, tabarma.

Ɗauki hoton akwatunan da waya, ka zuba su a manhajar haɗa bidiyo, Kdenlive ko DaVinci Resolve a kwamfuta, ko CapCut a waya, ka ɗora su kan muryar. Wannan ɗanyen fim shi ne ma'auninka. Nuna wa mutum biyu da ba su san labarin ba, kada ka yi musu bayani, ka zauna a gefe kana kallon fuskarsu. Inda suka duba waya, yanke. Inda suka ce "wane ne wannan?", ƙara hoto. Gyara a nan minti goma ne, gyara bayan an yi fenti kwana uku ne.

Mataki na biyar: salon zane, da lissafin da zai cece ka

Fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa. Minti biyar hoto 7,200 ke nan. Masu katun sukan bar kowane zane ya zauna hoto biyu, ya zama zane 12 a daƙiƙa, jimla 3,600. In kana iya zane 20 a rana ba fashi, kwana 180 ne, wata shida, ba a yi maganar fenti ba. Yawancin waɗanda suka fara da zafi a nan suke ajiyewa.

Mafita ita ce ka zaɓi salon da ba ya neman wannan. Mafi sauƙi kuma mafi dacewa da tsoro shi ne inuwa: mutane baƙaƙe ƙirin a kan bango mai haske. Ba sabon abu ba ne. Lotte Reiniger ta Jamus ta yi dogon fim sukutum a 1926 da kwali da almakashi, daga labaran Dare Dubu da Ɗaya. Moustapha Alassane na Nijar, wanda ya zauna a Tawa kuma ake lissafa shi cikin magabatan katun a Afirka, da wasan inuwa da fitila ya fara tun yana yaro. Inuwa ba ta buƙatar ido da hanci, ba ta buƙatar ka daidaita leɓe da magana, wanda shi ne aiki mafi cin rai. Kuma fuskar da mai kallo ya ƙirƙira a ransa ta fi duk wadda za ka zana muni.

Manyan launuka kada su wuce uku: baƙi, ruwan ƙasa ko shuɗi mai duhu, da rawayan fitila. Ka ajiye launi na huɗu don abu ɗaya tak, idon tsohon. Duk inda wannan fari-shuɗin ya bayyana, mai kallo zai ji a jikinsa. Ja kuwa, ni shawarata a bar shi. Jini a katun yakan koma abin dariya, kuma kisan ya fi tsoratarwa in fitila ta faɗi, allo ya yi baƙi, aka bar kunne da aikin.

Manhajoji na kyauta sun wadatar: Krita don fenti da zane hoto-hoto, OpenToonz ko Synfig don motsa gaɓoɓin da aka yanka, Blender in kana son kyamara ta shiga cikin ɗaki. Mai waya kaɗai yana iya farawa da FlipaClip. Zaɓi ɗaya ka zauna a kanta. Saita faɗin allo 1920 da 1080, hoto 24 a daƙiƙa, tun ranar farko.

Mataki na shida: motsi kaɗan, a inda ya dace

Fara da bango, wato ɗakunan. Guda goma sha biyar zuwa ashirin za su ɗauki fim ɗin duka, domin ɗaki ɗaya za ka yi ta komawa da haske daban. Zana kowane bango ya fi allo girma, don kyamara ta samu wurin tafiya. Kuma ka raba shi hawa-hawa: abin da ke kusa, kamar labule ko bakin ƙofa, a shimfiɗa ɗaya, gado a ta biyu, bangon ƙarshe a ta uku. In kyamara ta matsa, na kusa ya fi na nesa saurin wucewa, nan take hoton ya yi zurfi ba tare da ka ƙara zane ko ɗaya ba.

Akwai wata dabara mai arha da nake ƙauna. Zana hoto ɗaya sau uku, kana bin layin na baya da hannu, ka sa su suna juyawa. Tunda hannu ba ya maimaita layi daidai, hoton zai riƙa ɗan karkarwa kamar mai zazzaɓi. Zane uku sun riƙe maka daƙiƙa goma. Haka hasken fitila: shimfiɗa ce ta rawaya da kake ƙara mata ƙarfi kana ragewa ba bisa tsari ba. Amma ka guji walƙiya mai sauri fiye da sau uku a daƙiƙa, tana iya tayar wa masu farfaɗiya da ciwo.

Cikakken motsi, zane 12 a daƙiƙa, ka adana shi don wurare uku ko huɗu: yatsu suna zagayo bakin ƙofa ɗaya bayan ɗaya, fatar ido tana buɗewa, hannu yana fizge tabarma. Saboda sauran fim ɗin a tsaye yake, waɗannan za su faɗo wa mai kallo kamar mari. Buɗewar idon nan ka ba ta haƙƙinta. Zane takwas zuwa goma, na farkon su daɗe, fatar ta ɗan ɗaga ta koma, ta sake ɗagawa, sannan ukun ƙarshe su zo a guje. In motsin hannu ya gagare ka, ɗauki bidiyon hannunka a ƙofar ɗakinka ka bi shi da zane.

Kowace ɗauka ka yi mata fayil nata, da lamba: 01, 02, har 50. Krita tana cin ƙwaƙwalwar kwamfuta, in ka tara komai wuri ɗaya za ta tsaya cak. Wajen fitarwa, ka fitar da jerin hotunan PNG maimakon bidiyo kai tsaye. In aka ɗauke wuta a hoto na 200, daga na 201 za ka ci gaba. Kowane dare ka kwafe aikin a filashi, wani kwafin kuma a intanet. Na taɓa kai kwamfuta gyara aka goge min aikin wata guda, mai gyaran ya ce ai bai san da abu a ciki ba.

Mataki na bakwai: sauti na biyu

Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a wannan sana'a ji ne ke riƙe da gani. Yawancin ƙararrakin a gida za ka yi su. Kukan ƙofa: tsohuwar ƙofar langa-langa ko murfin akwatin ƙarfe, a buɗe a hankali ƙwarai. Taku: tafin hannu a kan tiren yashi. Haƙa: cokali a cikin kwanon ƙasa, kusa da makirfo. Gyare da kukan kare daga nesa: fita tsakar gida ƙarfe biyun dare ka ɗauka.

Bugun zuciyar shi ne jarumin fim ɗin, don haka ka ɓata masa lokaci. Kifa ƙwarya a cikin baho mai ruwa, irin yadda mata ke yi a kiɗan ƙwarya, ka naɗe hannu da tsumma, ka buga biyu-biyu, na farko da nauyi, na biyu sassauƙa. Fara da kamar bugu 60 a minti, can ƙasa yadda mai kallo zai yi shakkar ko ya ji, ka kai shi 120 zuwa sama a ƙarshe, yana danne maganar dogarai har bakinsu kawai ake gani. Ga abin da mutane ke mantawa: sifikar waya ba ta fitar da amo mai zurfi sosai, kuma a waya yawancin mutanenka za su kalla. Bugun da ke girgiza iyafis yana iya ɓacewa gaba ɗaya a sifika. Maganinsa ka ɗora wani siririn sauti a kan kowane bugu, kamar ƙwanƙwasa yatsa a kwali. Poe da kansa ya kwatanta bugun da agogon da aka naɗe cikin auduga, ka ga ya riga ya ba ka amsa.

Kiɗa kaɗan. Kada ka ciro na wani fim, YouTube na gane shi ya toshe ko ya karkatar da kuɗin. Mai goge ko mai sarewa ya ja maka amo ɗaya dogo mai rawa, ka biya shi, ku rubuta yarjejeniya ko a takarda ɗaya ce. Kuma gab da abin firgita, janye komai, har gyaren. Daƙiƙa biyu na shiru tsantsa sun fi kowace ganga.

Mataki na takwas: haɗawa, gwaji, fitarwa

Koma kan ɗanyen fim ɗinka, ka riƙa cire kowane akwatin takarda kana sa gamammiyar ɗauka a gurbinsa. Daidaita sauti yadda murya ke fita sarai a kan komai, ma'aunin ƙarfin sauti bai kai ga launin ja ba. In kana son waɗanda ba sa jin Hausa su kalla, ƙara fassara a ƙasan allo, layi biyu iyaka. A ƙarshe ka rubuta sunan labarin asali da marubucinsa da shekararsa, sannan mai murya da makaɗi.

Fitar da shi MP4, ka tura wa kanka ta WhatsApp, ka kalla a ƙaramar waya da rana tsaka a waje. Duhun da ya yi kyau a kwamfuta cikin ɗaki yakan koma baƙin allo kawai, ko ya farfashe ya yi dabbare-dabbare saboda matsewar da manhajar ke yi. In haka ta faru, ɗaga hasken wuraren duhu kaɗan, ka zuba ɗan ƙura-ƙura a kan hoton duka, ka sake fitarwa, ka sake gwadawa.

In za ka nuna shi a sinima ko gidan kallo ko ka sayar, sai ya bi ta hukumar tace fina-finai ta ƙasa, a Kano kuma akwai ta jiha. In YouTube za ka ɗora, wajen tambayar ko don yara aka yi shi ka zaɓi a'a, ka kuma rubuta gargaɗi a farkon fim ɗin da cikin bayaninsa, domin iyaye da yawa da sun ga katun sai su miƙa wa yaro waya su tafi kicin.